Galata, Balat ko Kadikoy: wace unguwa ɗan Kebbi da Zamfara mazaunin Santambul zai ba ranar hutunsa?

Ɗan Gusau ko ɗan Birnin Kebbi na iya shekara biyu a Santambul bai san hanya ba sai guda uku: ta ɗakinsa, ta makaranta ko shagunan tufafi na Laleli, da ta gidan abincin 'yan Afirka a Aksaray. Ranar da hutu ya samu, ko wani yaya ya sauka daga gida ya ce a zaga da shi gari, sai a tsaya ana kallon-kallo. Unguwanni uku ne sunansu ke yawo a bakin matasa da hotunan Instagram: Galata tare da Karakoy da ke gindinta, Balat mai gidaje launi-launi, da Kadikoy da ke tsallaken ruwa a ɓangaren Asiya. Duk ukun na 'yan gayu ne, amma abin da kowace za ta ci a aljihunka da ƙafarka da lokacin sallarka ba ɗaya ba ne.

Ga mai sauri: Galata ta safiya ɗaya ce. Balat ta rabin yini ce, kuma ita ta fi dacewa in kana tare da dattijo. Kadikoy ita ce wadda ake komawa har ƙafa ta saba.

Abin da za ka fita da shi

Fara da haruffa, don su ne ke ɓatar da baƙo. A rubutun Turkanci c ana furta ta j, ç ita ce c ɗinmu, ş kuma sh. Idan ka ga an rubuta cami a allo, "jami" ne, wato masallaci. Mescit kuwa ƙaramin ɗakin salla ne irin na tasha ko kasuwa. Sunayen da ke nan an rubuta su yadda kunne ke jinsu.

Kati ɗaya, Istanbulkart, shi ke shigar da kai metro, taragon titi, bas, jirgin ruwa da Marmaray, jirgin ƙasan da ke haɗa ɓangaren Turai da na Asiya. Zuba masa kuɗin aƙalla hawa shida kafin ka bar unguwarku, don layin na'urar zuba kuɗi a Eminonu ranar Asabar sai wanda ya gani. Na'urar ba ta ba da canji: duk takardar da ka cusa, kaf ɗinta za ta shige katin. Katin da aka yi wa rajista da sunanka shi ke samun rangwame idan ka sauka daga wannan ka hau wancan, na ɗalibai kuma ya fi kowanne sauƙi. A Marmaray da Metrobus, doguwar bas mai hanyarta ta musamman, kuɗin hanya gaba ɗaya ake cirewa da ka shiga. In tafiyarka gajeriya ce, sai ka ɗora katin a na'urar mayar da ragowa bayan ka fita. Mutane da yawa na wuce ta suna barin kuɗinsu.

Katin izinin zama, ikamet, ya kasance a aljihunka, shi kansa ba hotonsa a waya ba. 'Yan sanda da motocin hukumar shige da fice na tsayar da baƙi a Taksim, Eminonu da Aksaray, kuma baƙar fata ba ya ɓuya a cikin taro. Sai takalmi mai kama ƙasa. Silifas da takalmin fata mai santsin tafi, irin na zuwa ɗaurin aure, ba su da aiki a kan daɓen duwatsun Galata da Balat, balle an yi yayyafi. Ka kuma lissafa rana: a Disamba magariba na faɗawa kafin ƙarfe 6, a Yuni kuwa sai bayan 8 da rabi.

Galata da Karakoy

Daga Aksaray ko Laleli taragon T1 zai kai ka Karakoy kai tsaye. Kuskuren kowa shi ne ya sauka a nan ya ɗaga kai ya hango hasumiya ya ce ai ga ta nan, ya kama hawa. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, kamar ka dafa Dutsen Kwatarkwashi da azumi. Dabarar ita ce ka fara daga sama. Shiga Tunel, ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasan da ke aiki tun 1875, wanda ban da na Landan babu wanda ya girme shi; cikin minti biyu ya ajiye ka a ƙarshen titin Istiklal. Ko ka zo ta metro M2 ka sauka a Shishane. Daga nan sai gangara: titin Galip Dede mai shagunan kayan kiɗa, hasumiyar Galata, matakalar Kamondo mai lanƙwasa, titin tsoffin bankuna, har bakin ruwa. Awa biyu sun isa ba tare da gaggawa ba.

Hasumiyar mutanen Jenowa ta Italiya ne suka gina ta a 1348. Kyakkyawa ce daga ƙasa, kuma a ganinmu nan ya kamata ɗalibi ya tsaya. Kuɗin shiga na baƙi da Yuro ake yanka shi, layi na iya cin awa, a sama kuma kafaɗa da kafaɗa ake zagawa. Wanda ke son ganin birni daga tudu ya je harabar masallacin Sulaimaniyya, ko ya tsaya a tashar metro da ke tsakiyar gadar Halic, reshen tekun nan da ya kutso cikin birni: kallo ne na kyauta, har da ita hasumiyar a ciki.

Abin da ya fi hasumiya daraja a wannan unguwa a ɓoye yake. A cikin kasuwar Pershembe, inda ake sayar da kusoshi, sarƙa, famfo da injinan ban ruwa irin waɗanda manoman shinkafar fadamar Argungu ke nema, akwai masallacin Arap Jami. Coci ne na ƙarni na 14 da aka mayar masallaci, shi ya sa hasumiyarsa mai kusurwa huɗu ce; sunan ya samo asali daga Musulmin Andalus da suka zauna a kewayensa bayan an kore su daga Sifaniya. Kusa da tashar jirgin ruwa akwai Yeralti Jami, masallacin da ke ƙarƙashin ƙasa, duk ginshiƙai. Gaba kaɗan a Tophane ga na Kilic Ali Pasha, aikin magini Sinan na 1580. A sama kuwa akwai Aga Jami a kan Istiklal da babban masallacin Taksim da aka buɗe a 2021. Salla ba ta wahala a nan. Ɗalibi mai neman wurin karatu shiru ya shiga SALT Galata, tsohon ginin Bankin Usmaniyya, akwai ɗakin karatu kuma ba a biyan komai. Sai dai a tuna yawancin irin waɗannan wurare Litinin a rufe suke.

A kan gadar Galata masu fatsa ne jere, kowa da bokitinsa da sanda mai ƙugiya bakwai ko goma a zare ɗaya. Idan ya ja, sai ka ga 'yan kifaye huɗu suna rawa, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Basarken Yauri, masuncin kogi, zai yi murmushi. A ƙarƙashin gadar gidajen abinci ne masu 'yan kira a ƙofa. Idan ba ka tambayi farashi ba, kifin da aka nuna maka a faranti da kilo za a auna shi, lissafin kuma sai bayan ka ci. Doka ta ce a liƙa farashi a ƙofar gidan abinci. Inda ba ka gani ba, wuce.

A nan ne kuma 'yan damfara suka fi yawa, kuma da tarbiyyarka suke kama ka. Mai goge takalmi zai wuce ta gabanka buroshinsa ya faɗi. Kai da aka koya maka taimako za ka ɗauka ka kira shi. Zai rungume ka da godiya, ya durƙusa ya kama takalminka wai tukuici, ya gama ya yanka kuɗi, abokansa biyu su matso. Buroshin ba faɗuwa ya yi ba. Na biyu ya fi muni: mutum mai tsaf-tsaf zai yi maka sallama a Istiklal, ya ji daga Najeriya kake ya ce "Osimhen!", hira ta yi daɗi, ya ce ku je ya saya maka abin sha a wani lungu. Lissafin da za a kawo ya kai kuɗin hayar wata, ƙarti kuma na tsaye a ƙofa. Kada ka bi wanda ba ka sani ba zuwa wurin da shi ya zaɓa, ko da ya rantse da Allah. In abu ya ɓaci, lambar gaggawa 112 ce. A tasi, ka tabbatar mita na aiki, kuma in za ka miƙa takardar Lira 200, faɗi adadinta da baki yana kallo, don kada ta rikiɗe ta koma 20 a hannunsa.

Da dare lungunan Nevizade da Asmalimesjit mashaya ce zalla. Abin nan fari fat da za ka gani a dogon kofi a kan tebura ba nono ba ne, ba kuma ayran ba: raki ne, barasa ce da ke yin fari idan an zuba mata ruwa. Ayran na gaskiya, wato kindirmo da aka dama da ruwa da gishiri, ka karɓe shi a rufe cikin robarsa in kana shakkar wurin.

Balat

Hotuna sun yi wa Balat ƙari. Gidajen nan ja da shuɗi da ruwan ɗorawa da suka cika intanet 'yan ƙalilan ne, a kan titin Kiremit da wata gangara mai matakala da ake kira Merdivenli. Sauran unguwar tsoffin gidaje ne, wasu an gyara, wasu an tokare da katako, ga igiyar shanya daga wannan taga zuwa waccan. Wanda ya zo don hoto kawai, minti arba'in ya gama, kuma in Asabar ce ko Lahadi sai ya bi layi kafin ya tsaya a gaban ƙofar wasu. Mutane ne ke zaune a gidajen. Kada a ɗauki matan da ke zaune a dokin ƙofa, kada a zauna a matakalar gida ana ihu. Wuraren shan gahawa da suka rataya lema kala-kala kuwa ba don Allah suka rataya ba: ka sayi wani abu ko ka biya kuɗin hoto.

Zuwa ba wuya. Taragon T5 na tashi daga Eminonu ya bi gaɓar Halic. Sauka a Fener, ka tako zuwa Balat ta titin Vodina, wanda shimfiɗaɗɗe ne. Mai zuwa daga Avjilar ko Esenyurt ya sauka daga Metrobus a Ayvansaray.

Darajar unguwar tarihinta ne. Nan Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492 suka sauka a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu. A Fener fadar shugaban cocin Otodoks na Girkawa take har gobe. Jan ginin nan da ke saman tudu kamar fadar sarki makarantar Girkawa ce ta shekarun 1880. Daga waje ake kallo. A bakin ruwa akwai cocin Bulgeriyawa da aka gama a 1898, wanda gaba ɗayansa ƙarfe ne da aka ƙera a Biyana ta ƙasar Ostiriya aka kawo gunduwa-gunduwa aka harhaɗa. Ƙwanƙwasa bangon da yatsa ka ji. Don salla akwai masallacin Ferruh Kethuda, shi ma na Sinan.

Abin da ya sa muka ce ita ce ta dattijo shi ne maƙwabtanta. Daga jan ginin nan, hawa na minti goma, sai ka tsinci kanka a Carshamba, kamar an sauya maka ƙasa. 'Yan mata masu ɗaukar hoto sun ɓace. Maza ne da rawani da jabba da gemu, mata cikin baƙin lulluɓi, shaguna na littattafan fiƙihu, asuwaki, carbi da turare. Ɗan Gwandu zai ji kamar ya shiga unguwar malamai. A mayar da waya aljihu, mutanen wurin ba sa son kyamara. Ranar Laraba kasuwa ke ci a titunan da ke kewaye da masallacin Fatih, sunan unguwar ma Laraba yake nufi da Turkanci, kuma nan ne wurin sayen rigar sanyi da kayan miya a farashin talaka. Daga farfajiyar masallacin Yavuz Selim ana ganin Halic shimfiɗe. Masu ƙwallo kuma su sani Karagumruk, inda Ahmed Musa ya buga a 2021, nan kusa take.

Sai a gangaro a sake hawa T5 zuwa Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Alhaji ko Hajiya da suka zo daga Jega ko Talata Mafara, in aka kai su nan, ba za su tambayi hasumiya ba. Ranar Juma'a cunkoso ya yi yawa ga mai rauni. Talata ko Alhamis da hantsi ya fi. Ana ɗaukar takalmi a leda a shiga da shi, mata na da nasu ɓangaren, kuma da hunturu a yi alwala tun daga gida, don ruwan famfunan harabar kamar ƙanƙara yake. In dattijon ba ya iya hawa, a bar Carshamba, a tsaya iya Vodina da bakin ruwa.

Aibin Balat biyu ne. Karin kumallon da take taƙama da shi, wanda ake cika tebur da ƙananan faranti ashirin na cuku, zaitun, zuma da ƙwai, da kai ake lissafa shi ba da tebur ba, kuma rabinsa ba abin da cikin Bazamfare zai kira abinci ba ne. Na biyu, da rana ta faɗi baƙi sun watse, lungunan baya su yi duhu su yi tsit. A bar unguwar da magariba. Akwai kuma shagunan gwanjon tsoffin kaya da ke cika da yamma. Kallo kyauta ne, amma kada ka ɗaga hannu kana gaida wani.

Kadikoy da Moda

Tafiyar kanta rabin daɗin ce. Jirgin ruwa na tashi daga Eminonu, Karakoy da Beshiktash, minti 20 zuwa 25, da katin nan dai. A Eminonu kowace hanya da tasharta, don haka karanta allo, kada ka shiga na Uskudar. Zauna a waje, karɓi shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ka gutsuri simit, burodin nan mai zagaye da riɗi, ka jefa sama: tsuntsayen teku za su cafke shi kafin ya taɓa ruwa. Wanda ya san kwale-kwalen fito a kogin Kwara ya kwantar da hankalinsa, wannan gini ne mai tafiya. Abin da ke tsayar da shi hazo ne da iskar kudu da suke kira lodos. Ranar da aka soke jirage, shiga Marmaray, wanda tun 2013 ke ratsa ƙarƙashin mashigin Bosforus, ka sauka a Ayrilik Ceshmesi, ka hau M4 tasha ɗaya. Mai zuwa daga Beylikduzu a Metrobus kuwa ya ware fiye da awa ɗaya da rabi, mafi yawa a tsaye. Tashar ƙarshe ce, Sogutluceshme.

Ga zagayen da ya fi ma'ana. Daga tashar jirgin ruwa ka tsallaka titi zuwa masallacin Osmanaga, ka yi sallarka a nan, don idan ka nausa Moda masallatai sun yi ƙaranci. Bayan masallacin kasuwa ce. Daga kasuwa ka haura zuwa gunkin bijimin da ke mahaɗar hanyoyi shida, wanda shi ne "mu haɗu a nan" na duk unguwar, ka miƙe titin Bahariye, ka wuce gidan wasan Sureyya na 1927, ka gangara Moda har bakin teku. Duka bai fi kilomita huɗu zuwa biyar ba, kuma babu hawa mai cire numfashi. Idan ƙafa ta gaji, ɗan taragon T3 na zagaya unguwar ya dawo da kai tasha.

A kasuwar nan ya kamata a daɗe. Masu kifi na buɗe kumatun kifin su juyo jan waje don ka ga sabo ne. Gefensu masu tsami, tuluna cike da kabeji da kokwamba. Sai shagunan kayan ƙamshi, aktar, inda uwargida 'yar Kaura Namoda za ta ga abin da ta yi kewa: citta, kanumfari, habbatussauda, zoɓo da suke kira hibiskus, tsamiya da suke kira demirhindi. Ɗaga kai sama: abin nan da aka shirya a zare kamar carbi busasshiyar kuɓewa ce, 'yan ƙanana ƙwarai. Tana da tsada don da gram ake sayar da ita, amma gram ɗari ya yi miya da dama idan an daka. Barkononsu dai kada a sa rai. Ja ne kawai, yaji sai wanda aka zo da shi daga gida.

Abincin rana a nemi gidan da aka rubuta lokanta, irin na ma'aikata. Tire za ka ɗauka, ka nuna da yatsa: wake da shinkafa, miyar adas, naman kaza da dankali. Faranti-faranti ake lissafi, burodi yawanci kyauta ne, kuma tsakanin 12 da 2 abincin ya fi zafi da yawa. Kokorec hanjin rago ne da aka naɗe aka gasa, mai son kayan ciki zai ji daɗinsa. Naman ƙumbar teku da ake cusa wa shinkafa ana sayarwa a tire a bakin titi kuwa, a kiyaye shi da bazara. Ya kwantar da mutane da yawa.

Ɗalibi na da ƙarin dalilai. Akmar, wani gini ne cike da shagunan tsoffin littattafai, har na koyon Turkanci da na jarrabawa. A Hasanpasha akwai Gazhane, tsohuwar masana'antar iskar gas da aka mayar wurin al'adu a 2021, da ɗakin karatu na kyauta. Kusa da ita babbar kasuwar Talata ke ci. Yeldeyirmeni, bayan tashar jirgin ƙasa ta Haydarpasha, bangayen benaye ne da aka zana tun daga ƙasa har sama, da ƙananan wuraren shan gahawa inda za ka zauna awa biyu da kwamfutarka ba wanda ya harare ka.

Amma a faɗi gaskiya: Kadikoy ita ce mafi sakewa cikin ukun. Da yamma ciyawar bakin tekun Moda cike take da samari da 'yan mata da kwalabe, titin Kadife mashaya ne daga farko har ƙarshe, da azumi kuma gidajen abinci a buɗe suke tsakar rana. Babu mai tsangwamar 'yar'uwa don hijabinta, babu kuma mai sassauta shigarsa dominta. Wanda ke tare da iyali ya zo da safe ya juya bayan la'asar. Karnuka ma sun yi yawa, na gida da na titi. Masu alamar roba a kunne an yi musu allura, kuma galibi barci suke. Kada ka ruga, kada ka ɗauki dutse, don jifan kare a Moda zai tara maka jama'a fiye da cizon.

Ranar wasan Fenerbahce, ƙungiyar ƙwallon unguwar, tituna na toshewa tun la'asar. Kada ƙaunar Osimhen ta sa ka shigo da rigar Galatasaray mai ja da ruwan ɗorawa. A nan sunan da ke buɗe hira da dattawan mai shayi shi ne Okocha, wanda ya buga musu daga 1996 zuwa 1998. Filin gaban tasha kuma wurin zanga-zanga ne. Ka ga tutoci da 'yan sanda masu garkuwa, sauya hanya, kada ka tsaya ɗaukar bidiyo. Ɗan ƙasa a sake shi gobe, baƙo kuwa izinin zamansa ne a kan layi.

Duk da haka ita muka fifita, saboda ciniki a nan da mazauna ake yinsa. Mai shagon Galata ya san ba zai sake ganinka ba. Na Kadikoy yana sa ran ka dawo Asabar mai zuwa, shi ya sa ba ya ja maka riga a ƙofa, kuma a zuwa na uku zai tuna shayinka ba ka son sukari. Komawa gida ma da sauƙi: jiragen ruwa na raguwa wajen tsakar dare, amma M4 da M2 na kwana suna aiki daren Juma'a da na Asabar, Metrobus ba ya tsayawa, ga kuma ƙananan motocin dolmush masu ruwan ɗorawa zuwa Taksim.

In yawon ya kai ga tunanin kama haya

Nan ne zaɓin ke da tsada in an kuskure. Balat a ƙarƙashin gundumar Fatih take, kuma a 2021 aka rufe Fatih ga sabuwar rajistar adireshin baƙi, a 2022 aka ƙara wasu gundumomi da unguwanni da baƙi suka yi yawa a cikinsu, da 'yan keɓance-keɓance kamar na ɗaliban jami'o'in da ke cikin gundumar. Jerin yana sauyawa. Kafin sisinka ya fita, kai sunan unguwar da lambar gidan ofishin shige da fice ka ji ko za su karɓa. Dillali zai ce maka ba matsala, ai la'adarsa yake so, wadda bisa al'ada kuɗin hayar wata guda ce. Gidan da ba a iya yi wa rajista, ikamet ba ya sabuntuwa da shi.

Galata ba ta zama ba ce ga mai ƙaramin ƙarfi: yawancin gidajen sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, benaye biyar babu lif, hayaniya har asuba. A Balat da Yeldeyirmeni ɗaki mai araha kusan kullum na ƙasa ne ko na ƙarƙashin ƙasa. Da bazara zai yi maka kyau; a Janairu bango ya jiƙe, fumfuna ta kama kaya, tari ya zauna. Matsar da kabad ka duba bayansa, sabon fenti a kusurwa ɗaya kaɗai alama ce. Tambayi shekarar ginin, domin Santambul na kan layin girgizar ƙasa, kuma bayan ta 1999 aka tsaurara ƙa'idar gini. Tambayi abin da ke ɗumama gidan: mai tukunyar gas ta kombi ya fi, hita mai lantarki za ta cinye kuɗin abincinka. Tambayi aidat, kuɗin wata-wata na kula da bene, don ba ya cikin haya. Kuɗin ajiya a doka ba ya wuce na wata uku, kuma kada a biya komai hannu da hannu. Ta banki, da bayanin watan da aka biya.

Cikin takardun da za a turo maka ka sa hannu, nemi wadda aka rubuta wa tahliye. Alkawari ne cewa za ka tashi a rana kaza, kuma wasu masu gida na barin gurbin ranar babu komai su cike daga baya. Kada ka sa hannu a gurbi fanko, kuma ka je da wanda ya iya karanta Turkanci, ba wanda ya iya gaisuwa kawai ba.

Moda kanta tana cikin wurare masu tsadar haya a ɓangaren Asiya, don haka mai son Kadikoy ba dole ya kwana a cikinta ba. Bi layin M4 zuwa gabas, Maltepe ko Kartal, haya na sauka gwargwadon nisa, kuma cikin kusan rabin awa kana bakin tasha. Wanda ya fi son kiran salla ta kowace kusurwa ya duba Uskudar: tasha ɗaya ce a Marmaray daga Ayrilik Ceshmesi, kuma daga can ma akwai jirgin ruwan da ke shiga Halic ya tsaya a Fener da Balat kafin ya kai Ayyub Sultan.